Kai Yara Filayen Wasa: A Ina Iyali Za Su Sauka?

 

Duk lokacin da dogon hutun makaranta ya ƙarato, wasu gidajen sukan fara shirin kai yara manyan filayen wasan nan na ƙasashen waje. Akasari hankali yakan tafi ne a kan biza da tikitin jirgi da tikitin shiga filin, sai a bar maganar masauki zuwa ƙarshe, a ce ai kwana kawai za a riƙa yi a ciki. To uwargida, a irin wannan tafiya masauki shi ne yake yanke ƙarfe nawa za ku tashi, me yara za su ci, ina ƙaramin zai yi barcin rana, da kuma ko ke kanki za ki huta ko kuwa aikin gida kawai kika ɗauka kika tsallaka teku da shi. Sau da yawa kuma kuɗinsa ne ya fi kowane tsoka bayan na jirgi.

Zan ɗauki Walt Disney World da ke kusa da birnin Olando a jihar Filorida ta Amurka a matsayin misali, domin a can ne wannan tambaya ta fi zafi, kuma abin da za mu koya a can zai yi aiki a Dubai da Abu Dabi da Faris. Tun da farko a kula: a 2025 Amurka ta tsaurara sharuɗɗan biza ga 'yan Nijeriya da Nijar da Chadi. Saboda haka wadda ba a can take zaune ba, kada ta bari a biya kuɗin ɗakin da ba a mayarwa sai takardun tafiya sun shigo hannu.

Girman wurin shi ne tushen maganar

Wanda bai taɓa zuwa ba yakan ɗauka fili ne guda mai ƙofa ɗaya. An buɗe wurin ne ranar 1 ga Oktoba 1971, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 100. A ciki akwai manyan filaye huɗu: Magic Kingdom na 1971, EPCOT na 1982, Hollywood Studios na 1989, da Animal Kingdom na 1998. Kowanne da ƙofarsa, kuma tsakanin wani da wani sai an shiga mota. Don haka idan otal ya yi talla cewa minti biyar ne zuwa Disney, tambayar ita ce, zuwa ina? Yawanci allon maraba da ke bakin titi ake nufi, daga nan kuwa da sauran tafiya.

Magic Kingdom, wanda ƙananan yara suka fi so, yana da wani abu da ya kamata ki sani. Wanda ya zo da motarsa ba a bakin ƙofa zai ajiye ta ba. Wurin ajiye motoci yana hayin wani tafki ne, daga can sai a hau jirgin ruwa ko jirgin ƙasa mai tafiya a kan gada kafin a iso ƙofa. Bas-bas ɗin otal-otal na Disney kuwa har bakin ƙofa suke sauke mutane. Da safe bambancin ba zai dame ki ba. Amma da dare bayan an gama wasan wuta, dubban mutane sun fito lokaci guda, ga goyo a baya, ga mai shekara biyar ya yi barci a kafaɗar babansa, a nan ne za ki san darajarsa.

Masauki iri uku ne

Na farko, otal-otal mallakin kamfanin da ke cikin harabar, sun haura 20, kuma an kasa su hawa-hawa. Masu sauƙin kuɗi su ne All-Star guda uku da Pop Century da Art of Animation. Na tsakiya akwai Caribbean Beach da Coronado Springs da Port Orleans. Masu tsada kuwa akwai Contemporary da Polynesian da Grand Floridian da Beach Club da Animal Kingdom Lodge, inda daga wasu ɗakunan ake hangen raƙumin dawa da jakin dawa suna kiwo.

Na biyu, otal-otal na wasu kamfanoni, wasu a cikin harabar kamar Swan da Dolphin, wasu a kewayen Disney Springs, wasu kuma can waje a kan titin International Drive.

Na uku, gidajen haya masu ɗaki uku zuwa shida da kicin da injin wanki, galibi da wurin ninkaya a bayan gida. Sun fi yawa a yankin Kisimi da Dabinfot, kuma dole sai da mota.

Fara ƙirga kawuna

Mu iyalinmu ba irin na Turawa ba ne, sau da yawa mun fi ƙarfin ɗaki guda. Mafi yawan ɗakunan Disney na mutum huɗu ne, sai ƙarin yaro ɗaya da bai cika shekara 3 ba a gadon jarirai. Akwai kuma masu ɗaukar biyar. Ba a kuma ɗaga ƙafa a kan adadin, kowa sai an rubuta sunansa.

Mu ɗauki iyali mai mutum bakwai: maigida, uwargida, kaka, da yara huɗu masu shekara 12 da 9 da 6 da 2. Hanya uku ce a gabansu. Ko su kama ɗaki biyu, ko su kama sashen iyali mai ɗaukar mutum shida da jariri irin na Art of Animation da All-Star Music, ko su kama gida a waje. Idan ɗaki biyu ne, ki sani cewa ɗakuna masu ƙofa a tsakani roƙo ake yi, ba tabbas ba ne. Kina iya isa ki tarar ɗakin yara yana can ƙarshen baranda. Sashen iyali kuwa yana da banɗaki biyu da ƙaramin firij da na'urar ɗumama abinci, sai dai babu murhun girki, kuma gadajen falo na naɗewa ne. Idan kaka tana da ciwon baya, a yi tunanin inda za ta kwanta tun daga gida.

A wajen tikitin shiga fili kuma, yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta ne, daga 3 zuwa 9 kuɗin yara, daga 10 kuwa kuɗin babba ake biya masa.

Auna nisa da minti, daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar fili

Ko a cikin otal-otal na Disney ba duka ne daidai ba. Daga Contemporary ana takawa da ƙafa zuwa Magic Kingdom cikin kimanin minti 10. Daga Beach Club da Yacht Club da BoardWalk ana takawa zuwa ƙofar baya ta EPCOT. Tun daga Satumbar 2019 akwai Skyliner, wato ƙananan akwatuna masu gilashi da ke tafiya a kan waya a sama, suna haɗa Pop Century da Art of Animation da Caribbean Beach da Riviera da filayen EPCOT da Hollywood Studios. All-Star da Animal Kingdom Lodge kuwa bas ne kawai. A bas dole a sauke yaro a naɗe kekensa, ko da barci yake yi. A Skyliner da jirgin kan gada ana tura keken yaro ɗaya a shiga da shi yadda yake. Mai ƙaramin yaro ta san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Otal-otal na waje da yawa suna tallan motar kai baƙi kyauta. Kafin ki yarda, a tambaye su sau nawa take tashi a rana, ƙarfe nawa ta ƙarshe take dawowa, a ina take saukewa, kuma ko sai an rubuta suna tun jiya. Wata sau biyu take tashi da safe, sau biyu ta dawo da dare, ka ga ke nan wanda yaronsa ya galabaita da azahar sai dai ya nemi tasi.

Hutun tsakar rana

Dogon hutun makarantunmu yana faɗowa ne tsakanin Yuli da Satumba, daidai lokacin da Filorida ta fi zafi. Zafin yakan kai maki 33, ga gumi mai nauyi irin na bakin teku, sannan kusan kullum da yamma hadari yakan haɗo da tsawa. Idan ana walƙiya akan tsayar da Skyliner da wasannin da ke fili a rufe wuraren ninkaya. Ga tafiyar ƙafa kuma, ba abin mamaki ba ne mutum ya taka kilomita 10 a wuni.

Dabarar da ta fi dacewa da masu ƙananan yara ita ce a fita da sassafe, a dawo masauki da azahar a ci abinci a yi sallah a kwanta, sannan a koma bayan la'asar. A nan ne otal na ciki yake biyan kuɗinsa. Baƙinsa suna shiga kowane fili minti 30 kafin sauran jama'a, tsarin da aka fara a Oktobar 2021, kuma a wannan ɗan lokacin ana hawa wasanni biyu da in rana ta ɗaga sai an yi sa'a guda a layin kowanne. Yaran da suka taso daga gida ma da kansu za su riƙa farkawa tun kafin asuba a kwanakin farko, domin agogonmu yana gaban na Filorida da sa'a biyar a lokacin zafi. Wanda yake gidan haya mai nisan minti 25 kuwa, in ya lissafa fita daga fili da neman mota da tuƙi da dawowa, sa'a biyu sun tafi. Shi ya sa yawancinsu ba sa komawa, sai a wuni a rana har yara su fara rigima.

Maganar abinci

A nan gidan haya ya yi wa otal fintinkau. Yaranmu da yawa kwana biyu suke yi suna murnar soyayyen dankali da fiza, a na uku su fara neman shinkafa da miya. Ga kuma neman nama na halal, wanda a cikin filayen sai an yi tambaya tun kafin a je. A waje kuwa Olando tana da shagunan nama da gidajen abinci na halal, akwai kuma masallacin Islamic Center of Orlando a kan titin Ruby Lake, ba nisa da Disney Springs. Disney ta yarda a shiga da abinci da ruwa daga gida, in dai ba a cikin kwalba ba, don haka mai kicin tana iya cika kula da dafa-duka ta rage kashe kuɗi sosai.

Amma uwargida, tambayi kanki tsakani da Allah, wa zai yi girkin? Idan kin dawo ƙarfe goma na dare ƙafafu sun kumbura, sannan ki ɗora tukunya ki wanke kwanuka ki zuba wanki, to kowa ya yi hutu ban da ke. A yi wannan magana da maigida tun a gida. Ko a raba aikin da manyan yara, ko a yi miya mai yawa sau biyu a mako a sa a firij, ko a amince cewa abincin dare saye za a riƙa yi.

Kada kuma ki ɗauko kilishi ko dambun nama daga gida. Ba a shiga Amurka da nama daga ƙasashenmu, kuma duk wani abin ci da ke jaka, har yaji da kuka da daddawa, a bayyana shi ga jami'an kwastan su duba.

Lissafin gaskiya

Kuɗin da aka gani a talla ba shi ne kuɗin da za a biya ba. Harajin masauki kashi 12.5 ne cikin ɗari a gundumar Orenj, kashi 13.5 a gundumar Osiyola inda Kisimi take. Otal-otal na waje da dama suna da wani kuɗi na tilas da suke ƙarawa kullum, ban da na ajiye mota. Tun Mayun 2025 dokar Amurka ta tilasta a nuna kuɗaɗen tilas a cikin farashin talla, amma haraji sai a ƙarshe yake fitowa. Otal-otal na Disney ba su da wancan ƙarin, sun kuma dawo da ajiye mota kyauta a Janairun 2023. Sai dai bas ɗinsu ta kyauta daga filin jirgi ta daina aiki a farkon 2022, yanzu kowa shi zai kai kansa, tafiyar kusan kilomita 30.

Bari mu yi misali da ƙiyasi, ke kuma sai ki sa farashin da kika samu. A ce ɗaki biyu a otal na ciki, kowanne dala 200. Dala 400 ke nan a dare, da haraji 450, kwana bakwai 3,150. A ce kuma gida a Kisimi dala 250 a dare, kwana bakwai 1,750. A ƙara kuɗin shara 200, sannan haraji, ya kai kusan 2,210. Hayar mota mai ɗaukar mutum bakwai a ce 80 a rana, 560 ke nan. Ajiye mota a fili, wanda a 2024 dala 30 ne a rana, kwana biyar 150. Mai da kuɗin titi a ce 100. Jimilla kusan 3,020. Kin ga gidan da aka fara gani kamar rabin kuɗi, ya zo kusan kunnen doki da otal. Ribarsa ta gaskiya tana cikin tukunya ne da yalwar wuri: in mutum shida za su ci abincin dala 15 sau biyu a rana, dala 180 ke nan kullum, 1,260 a mako. Idan ba za a yi girki ba, ko babu mai lasisin da zai iya tuƙi a manyan titunan Amurka cikin dare, to ribar gidan ta ragu ƙwarai. A tuna kuma dokar Filorida ta wajabta kujerar yara a mota ga duk ɗan shekara 5 zuwa ƙasa.

A yi hattara da masu tallan ɗaki ko tikiti da arha ta fitar hankali. Da yawa sharaɗinsu shi ne ke da maigida ku zauna sa'o'i ana matsa muku ku sayi hannun jari a gidan hutu. Araha dai ba ta ado.

Lafiyar yara

Wurin ninkayar da ke bayan gidan haya yana da daɗi, musamman ga mu mata da 'yanmatanmu da ba za mu shiga na otal cikin jama'a ba, in dai an duba hotuna an tabbatar maƙwabta ba sa hangowa. Amma babu mai gadin ruwa a wurin. A Amurka nutsewa a ruwa ita ce kan gaba wajen hallaka yara 'yan shekara 1 zuwa 4. Kafin a biya, a tambaya ko akwai shinge tsakanin gida da ruwan, da ƙararrawa a jikin ƙofar baya. Da an isa kuma a gwada su kafin a kwance kaya. Haka nan kada a bar yaro ya kusanci bakin tafki ko kududdufi ko'ina a Filorida, domin akwai kadoji. A Yunin 2016 kada ya kashe wani yaro ɗan shekara 2 a bakin tafkin da ke gaban ɗaya daga cikin otal-otal masu tsada na wurin.

Lokacin mahaukaciyar guguwa kuma daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. An rufe filayen saboda guguwar Ian a Satumbar 2022 da ta Milton a Oktobar 2024. Saboda haka a karanta sharaɗin fasa tafiya da kyau, domin masu gidajen haya da yawa ba sa mayar da komai in lokaci ya matso.

Ƙananan abubuwa uku kuma: ki sa buta a jaka, don banɗakunansu ba su da abin tsarki. Kada ki kunna turaren wuta a ɗakin otal, zai tayar da ƙararrawar gobara, a kuma ci ku tara mai tsoka. Alƙibla daga Filorida kuwa arewa maso gabas take, ba gabas sak ba.

To wanne za a zaɓa?

Idan yaranki ƙanana ne, kwanakin ba su wuce biyar ba, kuma Disney kawai kuka nufa, otal na ciki ya fi, ko da mai sauƙin kuɗin ne. A cikinsu zan fifita Pop Century ko Art of Animation saboda Skyliner. Idan kun kai takwas ko gida biyu ne kuka haɗu, za ku wuce mako, akwai direba, kuma an yi yarjejeniya a kan girki, to gidan haya ya fi. Idan yaran samari ne da 'yanmata masu son wasannin tashin hankali, ku duba ɓangaren Universal, wanda ya buɗe sabon filinsa Epic Universe ranar 22 ga Mayu 2025. Baƙin otal-otal ɗinsa uku, Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, suna samun takardar gajeren layi a tsofaffin filayensa biyu ba tare da ƙarin kuɗi ba, wadda in saye za a yi wa mutum biyar kuɗinta ba kaɗan ba ne. Ana kuma iya raba kwanakin, a fara da uku a otal na ciki a gama manyan filaye, sannan a koma gida a huta a yi sayayya.

Ga masu nufin wurare mafi kusa da mu, ma'aunin bai canja ba. A tsibirin Yas na Abu Dabi akwai Ferrari World na 2010, Warner Bros. World na 2018 da SeaWorld na 2023, kuma wanda ya sauka a tsakiyar Dubai sai ya yi tafiyar fiye da sa'a guda kafin ya isa, don haka kwana biyu a tsibirin ya fi zirga-zirga. Dubai Parks and Resorts ma, wanda aka buɗe a 2016, can wajen gari yake ta ɓangaren Jabal Ali. A can maganar halal da wurin sallah ba ta da wahala, nisa da zafi su ne abin dubawa. Disneyland Paris kuwa, na 1992, yana da nisan kimanin kilomita 32 gabas da Faris, kuma a unguwar Val d'Europe, tasha ɗaya kacal a jirgin ƙasa, akwai masaukai masu kicin.

Kafin maigida ya biya ko sisi, ku zauna da takarda da biro ku rubuta: mu nawa ne, minti nawa daga ɗaki zuwa ƙofar fili, wa zai yi girki, wa zai yi tuƙi, nawa ne jimillar kuɗi bayan haraji, kuma nawa za a mayar mana in tafiyar ta fasu. Duk masaukin da bai amsa waɗannan shida ba, a bar shi komai kyan hotonsa.

Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, Ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya yarda.